Zanen Jamusawa da Fuskar Ɗan Fari

Mu biyar ne a falon ranar, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Akwai ni. Akwai mai gidan, wanda shi ne ɗana na fari, ba na kuma faɗin sunansa. Akwai matarsa, da 'yarsu babba da aka sa wa sunana, wadda ke karatun zane a wata jami'a can bayan gari. Ta biyar baƙuwa ce, wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano da ke zuwa sarin turare da mayafai; masaukinta wani ƙaramin otal ne a nan Al Buteen, amma tuwon Juma'a a gidanmu take ci. Ƙananan yaran an tafi da su yawo wani gari da ake kira Hatta tare da 'ya'yan maƙwabta, shi ya sa gidan ya yi tsit har ana jin gurnanin na'urar sanyi.

Ni ba yawon buɗe ido ya kai ni Dubai ba. Yanar ido ce ta rufe min idanu biyu, har na kai ba na bambance mutum da ƙyauren ɗaki. Mai gidan ne ya aika aka ɗauko ni, aka yi min aiki, ido ɗaya bayan ɗaya. Ranar da nake ba da labari sati uku ke nan da cire bandejin na biyu. Duniya ta dawo min kamar zanen da aka wanke da sabulu. Ina ganin ruwan rafin da ya ratsa garin ta taga, da jiragen katako a jere, ina kuma ganin maiƙo a bayan murhu, abin da bai yi wa surukata daɗi ba.

Aikina a unguwarmu wankan gawar mata ne. Na gaje shi daga gwaggota, na yi shi fiye da shekara arba'in. Kafin wankan akwai zaman jinya, don sau da yawa ni ake kira tun numfashi bai fita ba. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma fuskar mutum ba ta yi min wuyar karatu. Na san yadda hanci ke tsini idan kwana ya kusa ƙarewa. Na san yadda gefen goshi ke lotsawa, kunne ya janye daga kai kamar aro aka yi. Nakan shiga ɗaki in gaida mara lafiya, in fito in ce wa 'yan'uwa su kira na nesa. Ba duba ba ne, sanin gaibu na Allah ne. Yawan kallo ne kawai.

Fuska ɗaya ce ban taɓa karantawa ba, ita ce ta mai gidan nan. Da aka yaye shi yayar ubansa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na zuba masa ido ba. Idan ya durƙusa gaisuwa, shi yana kallon tabarma, ni ina kallon bango. Na san takunsa, na san tarinsa, na san ƙeyarsa da yatsun ƙafarsa. Yaran yanzu suna yi wa wannan kunya dariya. Mu haka muka tarar, ban kuma taɓa ganin aibinta ba sai ranar.

Tun zuwana nake jin takwarar tawa tana ƙwaƙular katako a baranda. Tana da wasu 'yan wuƙaƙe masu lanƙwasasshen baki irin na masu zanen ƙwarya, da baƙar tawada mai warin kananzir. Lokacin idona bai buɗe ba, kunnena ne ke aiki, sai in ji ƙarat, ƙarat, kamar ɓera ya samu buhu. Da na ji cewa fuskokin mutane take sassaƙawa na ce ba na son hoton mai rai a ɗakin da nake salla. Ta ce a kwali za ta riƙa ajiyewa. Ubanta ya ce aikin makaranta ne. Ni dai ban yarda ba.

To, da aka kwashe kwanuka ranar, Hajiyar ta miƙe ƙafa tana sakace, ta dubi yarinyar.

"Ke 'yar Jamus, yau dai sai kin nuna mana abin da kike ta fafara. Uwarki ta ce har a miya tana tsintar ɓawon katako."

"Hajiya, tsoro za ki ji."

"Ni da na aurar da 'ya'ya mata shida? Wane tsoro ya rage min? Yalla, ɗauko."

Ba aikinta ta fara kawowa ba. Wani littafi ta ɗauko mai nauyin dutsen niƙa, ta ɗora min a cinya.

"Kaka, ke ce mai sabon ido, ke za ki fara. Sai kun ga iyayen abin kafin ku ga 'ya'yan."

Shafin farko titi ne, gidaje sun sunkuyo kamar za su rufta wa masu wucewa. Mata dogaye cikin baƙaƙen kaya, fuskokinsu sun yi tsini kamar bakin wuƙa, babu mai kallon wata. Sama launin manja. A shafi na gaba wani mutum ne fuskarsa kore, leɓensa ja, yatsunsa kamar ƙirare. Sannan aka shiga na baƙi da fari, waɗanda aka sassaƙa a katako aka danna a takarda. Waɗannan sun fi muni. Idanu ramuka ne kawai.

"Ba su iya ba ne, ko aljanu ke gare su?" in ji Hajiyar.

Yarinyar ta ce sun iya, da gangan suka yi. Ta faɗi sunan abin da Turanci, dogon suna da ban riƙe ba, ta ce ma'anarsa fito da abin da ke ciki. Wai shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, a ƙasar Jamus, wasu samari da aka tura koyon tsara gine-gine suka watsar da karatun suka kama zane. Sun gaji da masu zanen da ke gyara wa mutum fuska don ya ji daɗi. Birane suna ta kumbura, masana'antu suna haɗiye mutane, kowa yana jin wani abu na tafe bai san mene ne ba. Sai suka ce ba za su zana fatar mutum ba, abin da ke cin sa za su zana. Idan tsoro ne a cikinsa, to fuskar ta zama kore. Suka koma wa sassaƙar katako irin ta kakanninsu, suka kuma riƙa zuwa gidajen ajiye kayan tarihi suna kallon gumakan da aka kwaso daga ƙasashen baƙar fata suna kwaikwayo.

"Ashe kayanmu suka sara," in ji Hajiyar, "suka sake masa kwali, yanzu kuma ke kin zo Dubai kina saye."

Mai gidan ya yi dariya daga inda yake kishingiɗe. Ina jin sa yana sosa hannu.

Yarinyar ta ci gaba. Ba a daɗe ba babban yaƙi ya ɓarke, wasu daga cikin masu zanen suka mutu a can, wasu suka dawo da taɓuwa. Daga baya mai mulkin da ya jawo yaƙi na biyu, wanda aka kwashi mazanmu zuwa Bama, ya ce wannan zanen lalatattu ne. Ya sa aka sauke su daga bango, aka tara su wuri ɗaya aka gayyato jama'a su zo su yi dariya. Aka ƙona wasu, aka sayar da wasu waje. Amma abin bai mutu ba. Ta ce duk fim ɗin ban tsoro da muka ga inuwa ta riga mai ita shiga ɗaki, ko bango ya karkace, jikan waɗannan ne.

Ni ba maganarta nake bi sosai ba, shafuka nake juyawa. Na tsaya a kan wata mata kwance, na ɗora yatsa.

"Wannan tarin fuka ne ya ci ta."

Ta sunkuya ta karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasa. "Mara lafiya ce, Kaka. Haka aka rubuta."

"Waɗannan yaran kuma yunwa. Dubi wuyansu."

"Bayan yaƙi ne."

Na juya na tarar da wata koriyar mata da baki a buɗe. "Wannan ba ta ƙara sati ba."

Sai yarinyar ta tuntsire da dariya. "Kin faɗi, tsohuwa. Mai rawa ce. Fitilar gidan rawa ce ta haske ta."

Ban ji daɗin wannan ba. Ban saba kuskure a gaban yara ba. Na juya shafin da sauri, sai na faɗa kan wanda ya sa na gyara zama: mace tsugune, ta ƙanƙame yaro, ta cusa fuskarta a ƙirjinsa kamar za ta mai da shi cikinta.

"Wanda ya yi wannan ya taɓa riƙe gawa," na ce. "Dubi kan yaron. Mai barci ba ya sakin wuya haka."

Yarinyar ta ce mace ce ta yi. Mijinta likitan talakawa ne, marasa lafiya a ƙofarta suke wuni. Ta ce ɗanta na cikinta ta rungume ta zana wannan, yana ƙarami, lafiyarsa lau. Da ya zama saurayi yaƙin ya zo, yana cikin waɗanda aka fara kashewa.

Surukata ta ce a'uzubillahi a hankali. Hajiyar ta ce a rufe littafin nan haka, a kawo na gida.

Aikin da aka ba su shi ne kowa ya sassaƙa fuska uku daga gidansu a irin wannan salon. Ta fara fito da ta uwarta: goshi a tattare, ido ɗaya yana kallon ƙofa. Aka yi dariya, uwar ta ce ita ba ta san wannan matar ba. Sai tawa. Baki kamar an ɗinke shi da zare, idanu biyu ƙuru-ƙuru sun cinye rabin fuskar. Hajiyar ta ce wallahi ko a duhu ta ga wannan za ta durƙusa ta gaishe ta. Na ce ba laifi.

Ta ukun ba baƙi da fari ba ce, ta sa mata launi. Ta ubanta ce, shi ya fara karɓa.

"Kalas, an gama da ni," ya ce. "Shekara uku ina kai ta makaranta, ta mai da ni dodo."

"Alhaji, manna shi a ƙofar ofis," in ji Hajiyar. "Babu ɓarawon da zai kusanci kayan da kake wa mutane lodi."

Suka yi ta dariya su huɗu, har da mai zanen. Takardar ta zagayo ta iso hannuna. Takarda ba mutum ba ce, babu kunya tsakanina da ita, saboda haka na kalla. Wannan ne karo na farko da na zauna na ƙare wa fuskar ɗan nan kallo, shi da ya haura hamsin.

Ubansa na gani. Ba ubansa na ranar aurenmu ba, na watannin ƙarshe. Gefen goshi biyu ta ƙwaƙule su har wuƙar ta kusa huda katakon. Ƙashin kunci ya taso, naman ƙasansa ya zube. Wuya ya bar kwalar riga, jijiya biyu a tsaye. Fatar ta sa mata rawaya mai sirkin kore, irin na lemon da aka tsinka bai gama nuna ba. Farin idon ma ba ta bar shi fari ba.

Marigayin da ciwon shawara ya fara. Muka ce ai shawara ce, aka yi ta jiƙo da sassaƙe wata da watanni. Sai da ciki ya kumbura aka kai shi asibiti, suka ce hanta ce, kuma an makara. Ni na yi jinyarsa. Na san wannan launin kamar yadda na san launin tafin hannuna.

Dariyar tana ta tafiya a kaina, ina jin ta kamar daga wani ɗaki. Na ɗaga kai don in dube shi, wuyana ya ƙi. Shekara hamsin ba ta karyewa a zama ɗaya. Abin da na iya kaiwa shi ne hannunsa da ke kan gwiwa. Zoben azurfarsa ya bar yatsan da na san shi da shi ya koma na tsakiya. Bayan hannun duk sawun farce ne.

Kafin in tattara kaina wayarsa ta yi ƙara. Kayan Hajiyar ne suka iso sito a Port Saeed, ana son a duba kafin a ɗaure. Ya ɗauki baƙin tabarau ya sa tun a falo, suka fita tare, tana ta tsokanarsa da dodo har bakin lif.

Bayan La'asar na bi yarinyar baranda. Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Zafi ya doke ni kamar an buɗe tanda. Ta ɗaura igiya daga bango zuwa bango, ta shanya takardu da maƙalan wanki. Fuskar ubanta ce, guda takwas a jere. Ta ce sau ɗaya take shafa wa katakon tawada ta yi ta dannawa don ta ga inda ya fi kyau. Ta farko baƙa ce ƙirin. Ta biyu ta ɗan kwanta. Haka suke tafiya suna dusashewa, har ta takwas babu abin da ya rage sai ramukan ido da ɗan layin baki. Iskar rafi tana kaɗa su, suna juyowa ɗaya bayan ɗaya suna kallona. Na yi wa mata wanka fiye da yadda zan iya tunawa, gashin jikina bai taɓa tashi ba sai a barandar nan da rana tsaka.

"Me ya sa kika sa masa rawaya?" na ce.

"Salon ne, Kaka. Ba kin ga littafin ba?"

"Uwarki ba ki sa mata ba. Ni ba ki sa min ba."

Ta goge wuƙa da tsumma. "Na gwada ja. Na gwada shuɗi. Ba su zauna ba, sai ya zama wani mutum. Da na sa wannan sai ya zama shi."

"A ina ya zauna kika zana shi?"

"A nan. Da safe, kafin ya fita. Minti goma ya ba ni, yana ta mita."

"Da tabarau?"

"Na sa ya cire." Ta dube ni. "Malamarmu ta ce kada mu yi tunani, mu kalla kawai hannu ya bi. Kaka, mene ne?"

"Nuna min hotonsa na waya."

Ta nuna min. Fuska sumul, fata tana sheƙi, kamar ango. Ta ce wayar ce ke gyarawa da kanta. Na mayar mata.

Sai a lokacin na lura da gidan da nake zaune. Gilashin tagogin falo mai duhu ne, an yi shi don ya tare rana. Fitilun gidan duk masu ruwan zuma ne, kowa a ƙarƙashinsu rawaya yake, har bangon. Mutumin nan yana fita daga wannan ya shiga mota mai baƙin gilashi, ya sauka a ofis mai fitila, ya dawo bayan Magariba. A garin nan rana ta fi ta ko'ina, amma babu mai tsayawa a cikinta. Ita kuwa shawara ba a duba ta da fitila, kowace tsohuwa ta san wannan. Hasken safiya ake fita da mutum. A duk gidan, yarinyar nan kaɗai ta gan shi a hasken Allah, ita kuma ba ta san abin da ta gani ba.

Amma mai rawar nan ta tsaya min a rai. Na rantse a kanta na faɗi. Idan wannan ma salon Jamusawa ne kawai fa? In tashi in keta abin da na riƙe tun ƙuruciya saboda wasan yara da tawada?

Na sami surukata a kicin tana yanka albasa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Mai gidan nan yana cin abinci?"

"Yana taɓawa, Inna. Ya ce rage ƙiba yake yi."

"Tuwon yau loma nawa ya yi?"

Ta ci gaba da yanka albasa. Ni na ƙirga, uku ne. Kunnena ya saba da ƙarar kwano.

"Susar fa?"

"Ya ce sabulu ne. Na canza sau biyu." Ta ajiye wuƙar. "Lokacin kaya ne, Inna, kwantena biyu ke gabansa. Duk shekara haka yake ramewa."

"Ba abin da ya kamata in tambaye ki ba ne, amma zan tambaya. Ke ke wanke banɗakinsa. Fitsarinsa wane launi?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji. Da ƙyar na ji ta. "Kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Na yi masa magana, ya ce ruwa ne ba ya sha."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo."

Wata biyu ke nan da wani abu. Duk zuwa asibitin da aka yi da ni, shi ke riƙe min hannu a matakala, yana zama a bakin ƙofar likita yana jira, a gini mai cike da likitoci. Ni kuma da aka buɗe min ido, na ga maiƙon murhu, na ga jiragen ruwa, na ga ciwon matan Jamus da suka mutu tun kafin a haifi uwata.

Ya dawo bayan Magariba. Ya durƙusa ya ce sannu da gida, na amsa ina kallon bango kamar kullum. A ƙarƙashin fitilar nan ko na duba ba abin da zan tabbatar. Na ce wa yarinyar ta kwashe takardunta daga igiya ta sa a kwali. Na yi Isha'i na kwanta.

Washegari da na idar da Asuba ban koma shimfiɗa ba. Na yi wanka, na sa kayan fita, na ɗora hijabi a kan kujera. Na zuge labulen falo, na buɗe ƙofar baranda, na ja kujerar roba na zauna a bakinta ina jan carbi har rana ta hau kan gidajen da ke tsallaken ruwa. Na'urar sanyi tana ta faman banza, ban kula ba.

Wajen ƙarfe bakwai ya fito da shirin ofis, makulli a hannu, tabarau a aljihun gaba. Ya tarar da ni ba a inda ya saba ba. Ya durƙusa daga nesa.

"Inna, ina kwana. An tashi lafiya? Ya idon?"

"Matso nan."

Ya matso kaɗan.

"Nan, cikin rana."

Ya ja gwiwa ya shigo hasken, kansa a ƙasa. Ina ganin tsakiyar kansa, furfura ta fi yadda nake zato. Surukata ta fito daga kicin da faranti ta tsaya cak. Yarinyar tana bayanta.

"Ɗago."

Bai ɗago ba. Shi ma shekara hamsin ɗin ce a wuyansa. Sai na sa hannu biyu na kama fuskar na ɗaga ta, yadda nake yi wa waɗanda ba sa iya ɗagawa da kansu. Da ɗumi. Rabona da taɓa ta tun yana shan nono. Na sa babban yatsa na ja fatar idon ƙasa, na ce ya kalli sama. Rawaya ne kamar an ɗiga gangamau, dama da hagu. Na sa ya ɗaga harshe, nan ma haka. Gefen goshin yatsana biyu suka shige. Yarinyar ba ta ƙara komai ba, ta ma rage. Idanun kuwa ba na ubansa ba ne kamar yadda na ɗauka duk shekarun nan, irin nawa ne.

"Ka sani," na ce.

"Na ce bari a gama da naki tukuna. Sannan ga kayan mutane a hannuna."

"An gama da nawa. Ubanka ma cewa ya yi bari a gama girbi."

"Inna, yau akwai lodi. Jibi in sha Allahu, da kaina zan..."

Na karɓe makullin daga hannunsa na miƙa wa matarsa, na ce ta kira yaran ofis ta ce yau ba zai fito ba. Na ce wa takwarata ta sauka ta tare mana tasi, ta kuma taho don ta yi min tafinta, ba na son a faɗi magana da Turanci a juya min ita. Na sa hijabina. Ya buɗe baki zai sake magana, na dube shi, ido cikin ido, sai ya tashi ya nemi takalmi.

A ƙasa zafi ya riga ya sauka, masu tura kaya suna ta wucewa da kwalaye. Yarinyar ta shiga gaba. Ya buɗe min ƙofar baya zai zagaya, na riƙe hannun rigarsa na ce ya shiga ta nan. Ya zaro tabarau zai sa, na karɓa na jefa a jakata. Direban ya tambayi ina za mu, na ce a gaya masa inda aka yi min ido, hawa na ƙasa, wajen masu ɗibar jini.